Ƙarfen haƙori zai sauya wa ɗiyar riƙona kama?

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Zariya ta fito, nan cikin Maradi. Na taƙaita ta, na cire sunaye kamar yadda mai ita ta roƙa.

"Gwaggo, ina gaisuwa. Ɗiyar yayana ce a hannuna tun tana shekara 4, yanzu tana 13, tana aji biyu a koleji. Haƙoranta na sama sun turo waje sosai, leɓe ba ya rufe su sai ta matse baki. A lakwal zomo suke ce mata. Yarinyar da dariyarta ke cika gida, yanzu in za ta yi magana sai ta ja hijabi ta kare baki, hoto ma ta daina tsayawa. Na kai ta wurin likitan haƙori, ya ce sai an sa mata ƙarfe, mai yiwuwa a cire haƙora 4, ya ce mu nemi ƙwararre a Yamai ko Kano. Hajiyarmu ta ce atafau, wai bakin zai lotsa kamar na tsohuwa, kuma canza halittar Allah ne. Ita kuma yarinyar ta cika mini salula da hotunan TikTok, tana cewa fuskarta za ta zama siririya, hancinta ya fito. Ga wata mata a unguwarmu tana liƙa wa ƴanmata ƙarfen da araha. Tsorona ɗaya ne, amana ce. Kada in mayar wa yayana ɗiyar da bai gane fuskarta ba. Ƙarfen nan yana canza fuska? Ko in bari ta girma?"

Ƙanwata, na amsa gaisuwa. Allah Ya ba ki ladar riƙo, don sai wanda ya san nauyin ɗan wani a hannunsa zai gane abin da ya hana ki barci. Ki kwantar da hankalinki, yayanki zai gane ɗiyarsa tun daga bakin zaure. Hajiya da jikarta kowa ya ja gefensa, ɗaya tana tsoro ɗaya tana ɗoki, amma wuri ɗaya suka haɗu: dukansu sun ɗauka ƙarfen nan yana ƙera sabuwar fuska. Ba ya iyawa. Aikinsa a haƙora yake, leɓe ya bi haƙoran kaɗan, iyakar gonarsa ke nan. Sai dai wannan kaɗan ɗin abu ne mai daraja a fuskar yarinya irin taki, kuma ana iya yin sa daidai, ana iya ɓata shi. Shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu ƙananan zaruruwa da ke riƙe da shi. In aka liƙa ɗan ƙarfe a kan kowane haƙori, aka zura siririyar waya ta cikinsu, wayar tana tura haƙorin a hankali dare da rana. Ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa yana ba shi hanya, na bayansa yana cikowa. Tafiyar kamar milimita 1 ce a wata. Karɓi ma'aunin da take jan layi da shi a lakwal, ki dubi ƴan tsakanin nan goma da ke daga 0 zuwa 1. Kowane ɗaya shi ne milimita, kuma da wannan ɗan awon ake duk maganar da za mu yi. A bakin da ya zauna daidai, haƙoran sama suna gaban na ƙasa da milimita 2 zuwa 3. Yadda kika kwatanta nata, ba mamaki ya kai 7 ko fiye.

Leɓe kuwa a kan haƙora yake jingine. In an ja haƙoran baya sai ya bi su, amma ba taku da taku ba. Haƙori ya yi tafiyar milimita 5 ko 6, leɓe ya yi 2 ko 3, kuma mai kaurin leɓe nasa ya fi ƙin motsi. To me za ki gani da idonki? Yau da dare in ta zauna bitar karatu, ki zauna kusa da ita ki dube ta ta gefe ba ta sani ba. Za ki ga baki a ɗan buɗe, leɓen ƙasa ya shige bayan haƙoran sama. Ki ce ta rufe baki, ki dubi haɓarta a lokacin. Fatar wurin za ta tattare ta yi ƴan ramuka kamar bayan lemun tsami, saboda naman haɓar yana aikin ƙarfi don ya ɗaga leɓen ƙasa ya tarar da na sama. Wannan yamutsewar ce ke sa a ga kamar yarinya ta ɗaure fuska alhali ba fushi take ba. In aiki ya yi kyau, ita ce za ta tafi. Baki ya rufu da kansa, haɓa ta saki, ta gefe a ga kamar haɓar ta ɗan fito ko da yake ƙashinta yana nan inda yake. Murmushi kuma ya sauya, wannan kam kowa zai gani.

Hanci, ido, goshi, ƙashin kumatu, faɗin fuska, duk babu ruwan ƙarfe da su. In leɓen sama ya koma baya ana iya ganin kamar hanci ya ƙara tsini, kamar yadda in aka kwashe yashin gindin katanga sai a ga ta ƙara tsawo, alhali ko tubali ɗaya ba a ɗora ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne lokacin da ake sa ƙarfen. Ana sa shi a shekara 12, 13, 14, a cire bayan kamar shekara biyu, kuma waɗannan su ne shekarun da fuskar kowane yaro ke sauyawa, da ƙarfe ko babu. Kitsen ƙuruciya na kumatu ya zube, fuska ta ƙara tsawo, hanci da haɓa su ci gaba da girma. A cikin gidanmu na ga wannan. Ɗiyar ƙanena da ɗiyar ƙanwata sa'o'i ne, wata 3 ne tsakaninsu. An sa wa ɗaya ƙarfe, ɗayar haƙoranta lafiya lau. Akwai hoton da aka ɗauke su tare ranar ƙaramar Sallah, anko iri ɗaya, kumatu kamar an hura. Da aka cire ƙarfen, dangi suka yi ta cewa ya ramar mata da fuska, ya fito mata da hanci. Sai na ɗauko hoton nan, na ajiye shi kusa da na Sallar da aka yi bayan shekara biyu, na ce a dubi wadda ba a taɓa ba. Ita ma kumatun sun tafi, ita ma hancin ya miƙe. Na sa babban yatsa na rufe bakin kowacce a hoton, aka rasa mai nuna wadda ta sha ƙarfe. Da na ɗaga yatsan, nan kaɗai bambancin yake.

Hotunan da ta tara miki a salula ma haka suke. Na farko yarinya ƴar 13, ba kwalliya ba murmushi, cikin duhu-duhu. Na biyu budurwa ƴar 15 ko 16, ta sha hoda, ta karkata kai, ga kuma abin gyaran hoto na cikin salular. Ki zauna da ita ku duba su tare, ku rufe bakin da yatsa yadda na yi. Ina son ta shiga aikin nan tana jiran abin da zai zo da gaske. Yarinyar da ta jure shekara biyu tana jiran sabon hanci, ranar cirewa kuka za ta yi ko da an shirya mata gonar auduga.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ba na so ki yi watsi da ita. Bakin tsohuwa yana lotsawa ne saboda haƙora sun zube duka ko mafi yawansu, ƙashin da ke riƙe da su ya shanye, haɓa ta matso kusa da hanci. Abin da likita ke nufi daban ne. Waɗanda aka saba cirewa su ne ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, ɗaya a kowane gefe sama da ƙasa, kowanne faɗinsa kamar milimita 7. Ba a barin giɓi. Gurbin shi ne filin da ake jan na gaba su koma ciki har ya rufe ruf. Mai haƙora 28 ta koma mai 24, tana tauna namanta lafiya, kuma ko ta wage baki sai wanda ya sani zai lura.

Amma tsoron tsohuwa yana da tushe, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne sosai. Ana iya wuce gona da iri wurin jan haƙora baya. Ilimin nan a hannun Turawa ya girma. Edward Angle, likitan Amurka da ya kasa zaman haƙora gida uku a 1899, da waɗanda suka biyo bayansa, fuskokin mutanensu suka fi aunawa. Ɗaya daga cikinsu, Robert Ricketts, ya ja layi daga tsinin hanci zuwa tsinin haɓa, ya ce leɓɓa su tsaya bayan layin, na sama da kamar milimita 4, na ƙasa da 2. A fuskar Bature mai dogon hanci da siririn leɓe, haka ne. Mu kuwa, je ki tsaya a bakin babbar kasuwa ki dubi masu wucewa ta gefe. Mafi yawa leɓɓansu a kan layin suke ko a gabansa, kuma ba ciwo ba ne, halittarmu ce, tana cikin kyanmu. Awon da likitocin haƙori suka yi wa baƙar fata a Najeriya da Sanagal da Amurka duk abin da ya nuna ke nan. Likitan da ya riƙe ma'aunin littafi ya ce sai ya kai leɓen ɗiyarki bayan layin nan, shi ne zai iya mayar miki da bakin da ya shige ciki, wanda bai dace da hancinta da kumatunta ba. Haƙorin da aka cire kuwa ba ya dawowa.

Ba ina cewa ki ƙi cirewa ba. In haƙoran sama da na ƙasa duka sun baje gaba, sau da yawa cirewar ce kaɗai za ta ba leɓɓa damar haɗuwa, kuma ƙin yin ta don tsoro yana iya ƙara turo bakin. Abin da nake so shi ne ki shiga ɗakin likita da tambayoyinki a hannu. Likita, leɓenta zai koma baya da milimita nawa? In ba a cire ba, me za a samu, me za a rasa? Cire 2 na sama kawai zai wadatar? Ki gaya masa abin da kuke nema a fili: bakinta ya rufu ba wahala, haƙoran su shiga inuwar leɓe, kamanninta na gidansu su zauna. Ki tafi da hoton mahaifiyarta ko wata gwaggonta da suke kama, ya ga inda fuskar ta dosa. Ƙwararre na gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. In hankalinki bai kwanta da amsarsa ba, jin ta bakin likita na biyu kafin a cire haƙori ba raini ba ne.

In tana da wushirya kuma, ki faɗa tun ranar farko. A littafinsu giɓi ce da ake rufewa, in ba a yi magana ba rufe ta za a yi. Mu kuwa yabonta ake yi. Ki tambayi yarinyar ko tana son abinta, in tana so likita ya yi lissafinsa da ita, ya gaya muku ko za ta iya tsira.

Kin ce ko ki bari ta girma. A'a, ganin ƙwararren dai kada ya jira. Turowar haƙora iri-iri ce, ido kaɗai ba ya rarrabe su. Wata haƙoran ne suka karkata gaba, ƙashi lafiya lau, sau da yawa daga tsotson yatsa da ya wuce lokacin famfara. Wata muƙamuƙin ƙasa ne ya gaza, haɓa ta noƙe baya, sai a ga kamar na saman ne suka yi yawa. Wata kuma sama da ƙasa duka sun yi gaba. Ba a yanke hukunci sai da hoton ƙashi iri biyu, wanda ke nuna haƙora duka a jere da saiwoyinsu, da wanda ake ɗauka ta gefen kai a auna muƙamuƙi, sannan a ɗauki zubin haƙoran. Duk wanda ya ce zai cire haƙori ko ya liƙa ƙarfe bai ga waɗannan ba, ki yi masa godiya ki kama hannun ɗiyarki ku fita.

In nata irin na biyun ne, lokaci yana gudu. Ɗiya mace tana yin girma mafi sauri wajen shekara 11 zuwa 13, kuma ranar da ta fara al'ada ganiyar ta riga ta wuce, saura ragowa. Namiji yana baya da kamar shekara 2. Akwai abubuwan da ake sawa a baki a wannan tsakanin su riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba. Cikin waɗanda suka fi shahara akwai Twin Block, wanda William Clark ya ƙirƙiro a Sikotilan a 1977. Suna gyara haɗuwar haƙora sosai, amma abin da suke ƙara wa ƙashin kansa milimita 1 ko 2 ne, sauran duk motsin haƙora ne. Wanda muƙamuƙinsa ya gaza ƙwarai, ko na ƙasan ya zarce gaba da yawa, aikin tiyata ne bayan girma ya tsaya, daga 17 ko 18 zuwa sama. Haƙori ana iya motsa shi ko a shekara 40, girman ƙashi ne in ya wuce ya wuce.

Akwai wani dalilin ma da ya fi kyan gani nauyi. Haƙoran da suka turo fiye da milimita 3, haɗarin karyewarsu ya ninka na sauran, kuma leɓen da zai kare su ba ya kaiwa. Faɗuwa ɗaya daga kan kabu-kabu ko karo a filin lakwal ya isa. Dasashin da ke shan iska kullum yana bushewa ya kumbura, balle cikin hunturu. Ki sa wannan a gaban Hajiya in ta kawo zancen halitta. Hadisin da take tsoro gaskiya ne, na Abdullahi ɗan Mas'udu a cikin Bukhari da Muslim, wanda ya la'anci masu goge haƙora su yi wushiryar ƙarya don ado. Akwai kuma labarin Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi. Da irin wannan malamai da yawa suka raba tsakanin neman ƙarin ado da kawar da cuta ko aibi. Kada ku yi musu da ita. Yayanki ya kai tambayar wurin malamin da ita ta yarda da shi, a gaya masa ainihin halin yarinyar, cewa bakinta ba ya rufuwa.

Kafin ku tafi ki tara wa likita labarinta. Da baki buɗe take barci? Tana minshari, hanci kullum a toshe? In haka ne a duba mata hanci da maƙogwaro a asibiti, domin bakin da aka gyara aka bar hanci a toshe buɗewa zai ci gaba da yi. Har yanzu tana tsotson yatsa a ɓoye da dare? Akwai sikila a danginku? Wannan ciwon yana sa ɓargon ƙashin fuska aiki fiye da kima, muƙamuƙin sama ya girma ya turo haƙora, kuma mai shi ana taka-tsantsan da shi wurin cire haƙori. In ba a taɓa gwada jininta ba, a gwada. Mu mutanen wannan yanki kuma mun san abin da ruwa mai yawan sinadarin fuluwo ya yi wa haƙoran yaran Tibiri, garin nan na kusa da Maradi, tun daga tsakiyar shekarun 1980. In haƙoranta suna da dabbare-dabbaren fari ko ruwan ƙasa irin na wannan sinadari, ta sani ƙarfe ba ya wanke su, kuma a kan irin wannan haƙori ya fi saurin ɓallewa.

Matar unguwarku kuwa, ina roƙonki don Allah ko leƙen ƙofarta kada yarinyar nan ta yi. Wayar da aka ɗaura a haƙori tura shi take, ko an sa ta don gayu ne, kuma in babu wanda ya auna inda za ta kai shi, duk inda ta ga dama take kai shi. Saiwa tana iya fita daga cikin ƙashi, dasashi ya janye, haƙori ya yi girgiɗi. Ga manne da ba a san asalinsa ba, ga kayan aikin da aka sa a bakin wata aka sa a nata. Haka robar nan da ƴanmata ke ɗaura wa haƙoran gaba don su matse su. Robar tana sulalewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana yanka, har haƙoran biyu su fita. Ki gaya mata wannan a fili, don yarinyar da ake yi wa dariya kullum tana iya yin komai a ɓoye.

Sai maganar da ta fi kowace ɗaci, wato nisa da kuɗi. Aikin yana ɗaukar wata 18 zuwa 24, in an cire haƙora yana iya zarcewa, kuma ana komawa duk mako 4 zuwa 8 a gyara wayar. Ki lissafa: cikin shekara 2, tafiya 13 ce mafi ƙaranci, tana iya haura 20. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, wuni guda a mota, ga masauki, ga karatun da za ta rasa. Kano ta fi kusa ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma a asibitin koyarwa na Aminu Kano akwai sashen haƙori inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aikin, sai dai akwai iyaka da canjin sefa zuwa naira. Ki zaɓi garin da kuke da dangin da za ku sauka, ki sa a rubuta miki kuɗin aikin duka daga farko har ƙarshe, ki tambaya ko likitan nan na Maradi zai iya taimakawa in waya ta soki kunci ko ƙarfe ya ɓalle tsakanin tafiya da tafiya. In kun ga ba za ku iya kaiwa ƙarshe ba, kada a cire ko haƙori ɗaya. Bakin da aka cire wa haƙora 4 aka watsar da aikin a tsakiya, da giɓi a buɗe da haƙora a karkace, ya fi inda aka fara muni, kuma shi ne zai iya jawo miki ainihin abin da kike gudu. Gara ku jinkirta wata 6 ku tara kuɗin, bayan ƙwararre ya gan ta ya ce jinkirin ba zai cutar ba.

In an fara, ki shirya Hajiya tun da wuri: kafin ya yi kyau sai ya ɗan yi muni. Ƙarafan suna da kauri, leɓe zai ƙara tasowa muddin suna nan, giɓin kuma zai daɗe ana ganin sa. Kwana 3 zuwa 5 na farko haƙora za su yi tsami, ta ƙi abinci, kuma in aka bar ta da yunwa kumatu za su faɗa a ce ƙarfe ne. Ki dage da kunu da fura da fate da ƙwai da tuwo mai laushi. Abin da zai yi mata wuya a garin nan shi ne rabuwa da aya. Ta sha kununta, amma tauna ta babu. Haka rake, goriba, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, alewa mai danƙo, cingam da fasa ƙashi. Kilishi da tsire sai an yayyanka ƙanana. Goge baki bayan kowane cin abinci da buroshi mai laushi da man haƙori, domin asuwaki ba ya shiga ƙarƙashin waya kuma yana iya ɓalle ƙarfe. Yarinyar da ta yi sakaci da wannan, tana shan lemun kwalba da shayi mai sukari, ranar cirewa za a tarar da fararen tabo kewaye da gurbin kowane ƙarfe, kuma wasu ba sa gogewa har abada.

Ranar cirewa ma ba ita ce ƙarshe ba. Haƙora suna son komawa gidansu na da. Za a ba ta abin riƙewa, ko siririyar waya da ake liƙawa a bayan haƙoran gaba, ko roba mai kama da kwasfa da za ta riƙa sawa da dare shekara da shekaru. Wadda ta jefa nata cikin kwaba ta manta, leɓen da ya rufu zai sake buɗewa sannu a hankali. Kuɗinsa ya shiga cikin lissafin tun yanzu.

Amanar da kika ambata kuwa, kada ki ɗauke ta ke kaɗai. Ba ke za ki sa hannu a kan cire haƙoran ɗiyar yayanki ba sai ya ga hoton ƙashin da idonsa, ya ji bayanin likita ko da ta salula ne, mahaifiyarta ma ta ji. Ita yarinyar a tambaye ta, domin ita za ta goge baki sau huɗu a rana, ita za ta haƙura da aya. Zancen zomo kuma ba zai jira shekara 2 ba. Cikin makon nan ki sa mayafinki ki je ki ga shugaban lakwal, ki faɗa masa sunan da ake kiran ta da shi da ajin da abin ke faruwa. A gida kuma ki lura, kada wani ya riƙa maimaita shi da sunan wasa, ko taubashinta ne.

Kafin ku hau mota, ki tsayar da ita a tsakar gida da hasken safe, ba hoda ba jan baki, ki ɗauke ta hoto 3: ɗaya ta gaba baki a sake, ɗaya ta gefe, ɗaya tana murmushi. In ta ƙi na murmushin kada ki matsa mata, biyun sun isa. Ki aika wa yayanki, ki ajiye naki. In kun dawo ki rubuto mini abin da likita ya ce game da hoton gefen kai, ko haƙora ne ko ƙashi, da milimita nawa ya ce leɓen zai koma, sai mu sake dubawa tare. Ki gaishe mini da Hajiya.